Dalma a lissafin kwantam: LANL2DZ zai fisshe ni gaban mai jarrabawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara sani. Ina digiri na biyu a kemistiri nan Sakkwato, ina nazarin yadda dalma ke kama ligan, wato molekul ɗin da ke manne wa ƙarfe, masu sulfa da oksijin. Gubar dalma da ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010 ita ta ja ni ga aikin. Wanda na biya ya yi mini lissafin ya sa hanyar lissafi ta B3LYP, da besis (jerin obital ɗin da manhaja ke siffanta ilektron ɗin atam da su) na 6-311++G(d,p) a kan ligan, da na LANL2DZ a kan dalma. Ya ce tunda kowane fayil ya ƙare da "Normal termination" to komai daidai ne. Amma tsawon haɗin dalma da sulfa (Pb–S) ya saɓa wa na kiristal, ga shi saura wata biyu in kare aikina. In sake duka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗiyata. Kwantar da hankalinki, wata biyu sun isa, amma za ki sake. Siffofin da kika samu kada ki zubar da su, da su za ki fara sabon lissafin.

Matsalar farko rashin daidaito ce. Kin ba kabon da haidurojin riga uku har da rawani, kin bar dalma da ɗan kamfai, alhali ita ce amaryar. Hay da Wadt suka fitar da LANL2DZ a 1985, lokacin da kwamfuta ba ta kai wayar hannunki ƙarfi ba. A kan dalma yana ɓoye ilektron 78 cikin 82 a cikin ECP, wato madadin ƙwayar ciki, ya bar 4 kacal. Obital ɗin 5d duk sun daskare, kuma babu obital ɗin d na ƙari da zai bar girgijen ilektron ya lanƙwasa. To ilektron biyun nan na 6s su ke sa dalma mai caji biyu ta tara ligan a gefe guda ta bar gefe guda fayau, kuma wannan lanƙwasar ce ainihin abin da kike nema. Ƙari a kan haka, atam ɗin da aka bari da yunwa yakan ari besis ɗin maƙwabcinsa, sai ƙarfin haɗin ya fito fiye da gaskiyarsa.

Yanzu ga maganar da ke ƙona mini rai, wadda kullum sai an kawo ta: wai "Normal termination" shaidar inganci ce. Ƙarya ce. Ma'anarta kawai manhajar ta gama abin da aka umarce ta ba ta faɗi a hanya ba. Ki ba ta shirme, za ta lissafa miki shirme har lamba takwas bayan ɗigo, ta yi miki sallama cikin ladabi. Masu karɓar kuɗin ɗalibai suna da fayil guda da suke sauya wa suna, ko dalma ce ko aidin ko zaiba, ba su taɓa buɗe tsakiyar sakamakon ba. Ƙarshensa kaɗai suke nuna miki, kamar mai sayar da rago a Kara ya nuna miki ƙaho ya hana ki taɓa gadon baya.

Ga yadda abin ke kashe aiki. Mutum ya je Basis Set Exchange, shafin intanet da ake ɗauko besis, ya kwafo besis ɗin def2-TZVP na dalma, ya liƙa ƙarƙashin umarnin Gen a manhajar Gaussian, ya manta da sashen ECP, ko ya manta rubuta GenECP, umarnin da ke sa manhajar ta karanta ECP ɗin. Besis ɗin an gina shi ne don ilektron 22, sai manhaja ta cusa masa 82. Sau da yawa lissafin zai tafi har ƙarshe, sakamakon kuwa ba shi da wata ma'ana. Wani kuma ya ɗauki besis na ECP ya haɗa da DKH ko ZORA, hanyoyin rilatibiti na lissafin dukkan ilektron, don ya burge, ya cakuɗa hanyoyi biyu da ba a yi su don juna ba. Wani ya ɗebe makamashin LANL2DZ daga na def2, bai san ma'aunin sifirinsu daban ba ne. Duk waɗannan suna ƙarewa lafiya lau. Saboda haka ki ƙirga ilektron da kanki. Ɗauki PbCl2: duka-duka 116 ne. Da def2 dole ki ga 56, wato masu juyin alfa 28, masu juyin beta 28. Da LANL2DZ a kan dalma kaɗai, 38. Idan lambar da ke fayil ɗinki ba ta zo daidai da ta takardarki ba, ki tsaya nan.

Kada kuma wani ya ce miki rilatibiti, wato tasirin gudu kusa da saurin haske, ado ne. Ilektron ɗin 1s na dalma na gudun kusan kashi 60 cikin 100 na saurin haske, ki raba 82 da 137 ki gani. Wannan ke matse 6s. Binciken Ahuja da Pyykkö da abokansu a 2011 ya nuna cewa cikin bolt 2.1 na kowane ɗakin batirin dalma, kimanin 1.7 zuwa 1.8 daga nan suke. Batirin solar gidanku ke nan. ECP mai kyau yana ɗauke da wannan tasirin a cikinsa.

Abin yi: ki koma dangin def2 na Weigend da Ahlrichs na 2005, a kan kowane atam, ba dalma kaɗai ba. Daga rubidiyam zuwa sama suna amfani da ECP: yana ɓoye ilektron 28 ga aidin, 60 ga dalma, sai 5s, 5p da 5d su shiga lissafi. A manhajar ORCA, wadda kyauta ce ga masu karatu, rubuta def2-TZVP ya isa, ita ke ɗora ECP da kanta. A Gaussian 16 ana rubuta def2TZVP ba karan ɗori. Ki gyara siffa da def2-SVP, ki ƙarasa da def2-TZVP tare da D3(BJ), gyaran jan da ke tsakanin atam na nesa, ki lissafa firikwansi don tabbatar babu mai alamar ragi (negatif). Idan ligan ɗinki na da caji negatif, kamar tayolet ko kabokzilet, ki yi makamashin da def2-TZVPD. Sannan ki ɗauki mafi ƙanƙantar kwamfles ɗinki, wato haɗin dalma da ligan, ki gwada def2-QZVP a kan siffa guda. Idan makamashin haɗi ya motsa fiye da kilokalori 1 zuwa 2 a mol, besis bai zauna ba tukuna. Wannan teburin shi mai jarrabawa ke son gani. Da ɗauke wutarmu da zafin Afrilu, ki riƙa ajiye siffar ƙarshe don ki ci gaba daga inda aka tsaya.

Idan har za ki taɓa NMR, wato awon maganaɗisun cibiyar atam, na dalma 207, ECP ba zai yi ba, domin ya cire ilektron ɗin da ke kusa da cibiya. Sai lissafin dukkan ilektron da X2C ko ZORA, da besis ɗinsu irin x2c-TZVPall ko SARC, tare da haɗin juyi da kewaye (spin–orbit).

Kada ki sa ran tsawon haɗi a iskar gas ya zo daidai da na kiristal ƙwandala da ƙwandala, don a kiristal dalma na da maƙwabta na nesa da ke janta. Wancan mutumin kuma, ki karɓi fayilolin shigarwa duka daga hannunsa, ki kai wa mai duba aikinki ku ƙirga ilektron ɗin tare kafin ki kunna lissafi na gaba.