Daga Zariya zuwa Legas: ta Kaduna ko ta Kano?

Tambaya: Malam, ina zaune a Tudun Wada, Zariya, zan je Legas sarin kaya. Ta Kaduna zan tashi ko ta Kano? Kuma an ce jirgi na gudun kilomita 800 a awa, to me ya sa tikitin Kano yake nuna wajen awa ɗaya da rabi?

Amsa: Alhaji, Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Murtala Muhammad da ke Ikeja, in aka ja zare sak, wajen kilomita 835 ne. Daga na Kaduna kuwa wajen 635. Tazarar kilomita 200 ɗin nan, jirgi irin Boeing 737 in ya daidaita a sama, minti 15 ya ishe shi ya cinye ta.

Sai dai gudun 800 ɗin da ka ji, sai jirgi ya kai can ƙololuwa yake yin sa. Lokacin da ke kan tikiti ana fara ƙirga shi ne tun daga sanda motar tura jirgi ta janye shi daga inda yake fake, har sai ya tsaya a Legas an sa masa birki. A tsakani akwai rarrafawa zuwa titin tashi, da jiran izini daga hasumiya, da hawa. Ƙasa da ƙafa 10,000, ƙa'ida ta hana wuce kimanin kilomita 460 a awa, wajen hawa da wajen sauka duka. Hanyoyin sama ma suna da kwana-kwana. Ga Legas da cunkoso, wani lokaci sai an sa matuƙi ya yi ta shawagi kafin a ba shi layi.

Ni dai abin da nake so ka lissafa shi ne daga ƙofar gidanka. Kaduna wajen kilomita 80 ce daga nan, Kano kuwa ta kusa ninka haka. A kan takarda Kaduna ta fi sauƙi. Amma jiragen da ke tashi daga Kano sun fi yawa, in aka soke guda kana da wani a ranar, a Kaduna kuwa kana iya kwana. Filin da ke nan Zariya, inda ƙananan jiragen Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ke zagaya mana kai tun da safe, na koyarwa ne, ba a sayar da tikitin fasinja.

Kada ka manta da hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu, ranar da ka fito ka ga rana ta zama fara fat kamar faranti, ba a hango ƙarshen layi, to jirgi ma yana iya makara ko a dakatar da shi. In tafiyar taka ta faɗa wannan lokaci, ka tashi ta Kano, ka sayi tikitin da za a iya canza masa rana, kuma kada ka sa alƙawarin kasuwa a ranar da za ka sauka.