Wace inshora mai aikin kansa zai fara saye?

Malam, ka ce kana zana wa mutane shafukan intanet daga gida, kana son sanin inshorar da ta fi dacewa da kai. Fara da ta kuskuren sana'a. Ita ce ke ɗaukar kuɗin lauya da diyya idan abokin ciniki ya ce aikinka ya jawo masa asara.

A nan mutane ke faɗawa rami. Galibi irin wannan inshora tana duba ranar da aka kawo ƙorafi ne, ba ranar da ka yi aikin ba. Idan ka daina biya bana, baɗi aka kai ka ƙara kan aikin bara, ba za su biya komai ba. Saboda haka ka duba ranar da kariyar ta soma a takardar inshorar, don ba sa biya kan aikin da ka yi kafin wannan ranar, kuma in za ka sauya kamfani, ka nemi a riƙe maka tsohuwar ranar.

Yawan kariyar kuwa, kwangilolinka ne za su nuna maka, don manyan abokan ciniki kan gindaya adadin da suke so. Ka tambaya ko adadin na kowane ƙorafi ne ko na shekara gaba ɗaya, da nawa za ka fara cirewa daga aljihunka kafin kamfanin inshorar ya biya sauran.

Inshorar raunin baƙi, wato mai biyan diyya in wani ya ji rauni a wurin aikinka, ba ta da gaggawa sai in mutane na zuwa wurinka. Kwamfutarka fa, kada ka dogara da inshorar gida, sau da yawa ba ta haɗa kayan sana'a.

Da ƙorafi ya zo, sanar da kamfanin nan take, kada ka amsa laifi a rubuce kafin su ba ka shawara.