Amsa: Nauyin Baba bai ƙaru ba, amma teɓa ta fito

'Yar'uwa, kin ce Baba ya haura sittin, sikeli bai nuna ƙari ba, sai dai wandunansa sun daina shigarsa, kina tambaya ko akwai damuwa. Akwai, kuma kin kyauta da kika lura.

Idan shekaru suka ja, tsoka kan zube, kitse ya maye gurbinta, sai sikeli ya tsaya wuri ɗaya. Kitsen da ke taruwa a cikin ciki, kewaye da hanta da hanji, shi ke hana insulin, wato sinadarin da ke daidaita suga a jini, aiki yadda ya kamata. Daga nan ciwon suga da hawan jini ke samun ƙofa.

Ki samo tef ɗin tela. Baba ya tsaya, ya ɗage riga, ya saki numfashi ba tare da ya tsuke ciki ba. Ki zagaya tef ɗin tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, kada ki matse. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗari na farawa daga santimita 94 ga namiji, ya tsananta daga 102. Ga mace kuwa 80 da 88.

Ni na fi son awon igiya: ki yanko igiya daidai tsawonsa, ki ninka biyu. In ba ta zagaye cikin ba, a je a duba masa suga da hawan jini.

Amma in cikin ya kumbura cikin 'yan makonni, ƙafafu ma suka tasa, wataƙila ruwa ne. Ku kai shi asibiti, kada ku jira. Allah Ya ƙara masa lafiya.