Kada ka bar shi ya shiga fili Asabar ɗin nan

Salam. Ɗan'uwa mai tambaya a kan ƙaninka, wallahi ina karanta saƙonka gabana ya faɗi, kamar labarina ka ɗauko ka rubuta. Ka ce gwiwar wani ta same shi a ka a wasan zari-ruga, bai suma ba, ya tashi ya ƙarasa, yau kwana uku yana fama da ciwon kai da jiri, koci kuma ya ce ya fito atisaye saboda wasan Asabar. Kada ka bar shi. Ko zai yi wata bai gaishe ka ba, ka ɓoye takalman.

Wannan maganar ta "ai bai suma ba" ita ta cuce ni. A cikin mutum goma da ƙwaƙwalwarsu ta jijjiga, da ƙyar ake samun ɗaya da ya suma. Ni ma ban suma ba. Lokacin hunturu ne, kun dai san yadda filayenmu suke zama kamar daɓe. Na shiga takil, wato kamo abokin hamayya don a kayar da shi, na sa kaina a ɓangaren da bai dace ba, ƙugun mutumin ya same ni a gefen goshi. Wani farin haske na gani, sai ƙara a kunne kamar an kunna injin niƙa. Kocinmu ya rugo da ledar fiya wata biyu, ya fasa min a ka, ya ɗaga yatsu ya ce nawa ne. Na ce biyu. Ya buga min kafaɗa ya ce, "Namiji ne, tashi." Iyakar gwajin da aka yi min ke nan.

Daga baya yara suka ba ni labari wai sau huɗu ina tambayar wa ke gaba, suna ta dariya. Har yau ban san yadda wasan ya ƙare ba. A haka na hau babur na tuƙa kaina gida, Allah ne kawai ya tsare. Da magariba na tayar da salla, ina cikin raka'a sai na rasa ta nawa nake. Na sallame na sake, na sake rikicewa. Na zauna a kan dardumar ina kallon bango, hawaye na zuba, ban san dalili ba. Cikin dare na yi amai. Hajiyarmu ta ce kambun baka ne, aka nemo rubutu, da safe na je kemis aka yi min allurar kashe ciwo. Babu wanda ya ce a tafi asibiti, ni ma ban ce ba.

Ranar Alhamis kocin ya aiko a kira ni. Na ce kaina bai daina ba, ya ce a gaban kowa ragwanci ne, in ba zan iya ba akwai masu jiran rigata. Na shiga. Wani ɗan karo ne da ko yaro ba zai kayar ba, kafaɗa ce ta goge ni, amma ƙasa ta juya da ni. Wata huɗu na yi ban iya kallon waya ba, hasken rana kamar ana soka min allura a ido, karatun zangon nan ya tafi a banza. Na zama mafaɗaci, ƙanwata ta ajiye kwano da ƙarfi sai na hau ta da masifa. Kocin nan ko sau ɗaya bai tako gidanmu ba, ko waya. Bayan shekara biyu muka haɗu a wajen ɗaurin aure, yana dariya yana cewa, "Kai ne ka gudu ka bar mu." Na gaishe shi don ya girme ni, amma abincin wurin bai shiga cikina ba. Na yafe masa, ina dai ƙoƙari. Abin da ke ƙona min rai shi ne har yanzu yara na hannunsa.

To, ka kai yaron nan wurin likita, yau ba gobe ba. In kuwa ciwon kan ƙaruwa yake, ko yana ta amai, ko yana ganin abu biyu-biyu, ko barci na rinjayarsa har tashinsa na wuya, ko wuyansa na ciwo, ko hannu ko ƙafa sun rasa ƙarfi, ko ya yi farfaɗiya, wannan na gaggawa ne, ko tsakar dare ne ku tafi. Kuma ko an yi hoton kai an ce lafiya, kada koci ya riƙe wannan ya ce ya warke. Shi hoton, zubar jini da karaya yake nema, jijjigar ƙwaƙwalwa ba ta fitowa a ciki.

Kada ya tuƙa babur. Magani kuma farasitamol ya isa kafin likita ya gan shi, ban da asfirin da su diklofenak a kwanakin farko saboda jini, tiramol kuwa ko kusa. Ya rage waya da kallo. Amma ba a ce a kulle shi a ɗaki mai duhu ba, kuskuren da na yi ke nan daga baya, ya ƙara min ƙunci. Bayan kwana ɗaya ko biyu na hutu ya riƙa ɗan tattaki a unguwa, in kan ya tsananta ya dakata.

Za su ce maka ai a talabijin ana fitar da ɗan wasa minti 12 a duba shi ya dawo. Wannan na ƙwararru ne masu likitoci da bidiyo a bakin fili. Mu namu, dokar World Rugby, hukumar zari-ruga ta duniya, ita ce da an yi zargin ƙwaƙwalwar ɗan wasa ta jijjiga a fitar da shi, ba ya komawa ranar. A Birtaniya ƙa'idar da suka fitar a 2023 don ƙananan kulob ta ce ba atisayen karo sai mutum ya yi kwana 14 babu wata alama, ba wasa kafin kwana 21. Su da ke da ciyawa da motar asibiti ke nan. Ƙaninka kwana uku, kuma kan na ciwo.

Bugu na biyu kafin na farko ya warke shi ne abin tsoro. Ben Robinson ɗan shekara 14 ne a Ireland ta Arewa, a 2011 aka yi ta mayar da shi fili a wasa ɗaya bayan ya bugu, ya rasu. Rowan Stringer 'yar shekara 17 a Kanada, a 2013, ta ɓoye ciwon kanta ta buga wasa, ita ma ta tafi, har jihar Ontario ta yi doka da sunanta. Steve Thompson ya ci kofin duniya da Ingila a 2003, ya fito ya ce ba ya tuna wasannin. Duk lokacin da na tuna magaribar nan tawa sai in tuna shi.

Af, kada wani ya ce a saya masa hular nan mai soso ya shiga. Kunne da fatar kai take karewa, ƙwaƙwalwa a ciki take girgiza. Ni na sayi tawa da kuɗin da na tara, tana nan a ƙasan akwati. Kuma don Allah kyaftin-kyaftin da ke cikin zauren nan, ku daina ƙirga yatsu. Ku tambayi yaro a wane fili muke, zagaye na nawa ake, wa ya ci na ƙarshe, da wa muka buga makon jiya. In ya yi inda-inda ko ɗaya, waje. Ko ya amsa duka amma kun ga yana tangaɗi, waje. A koya wa yara sa kai a bayan cinya, a daina shiga takil a tsaye, ni abin da ba a taɓa gyara min ba ke nan.

Shi yaron zai ce maka ya warke, ƙarya yake, ni ma na yi ta. Ka tambayi wanda suke kwana ɗaki ɗaya yadda yake barci. Wai ma, ya yi amai tun ranar? Ba ka faɗa ba. In kocin ya matsa, ka turo min saƙo ta gefe, ni zan yi masa magana.