Sai na yi katin mamba kafin in shiga kallon Arsenal a Emirates?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan Arsenal ne tun zamanin Kanu, kuma in Allah ya yarda zan je Landan a watan Nuwamba bikin kammala karatun ƙanina, sati biyu zan yi. Burina in shiga Emirates ko sau ɗaya ne. Na duba shafin kulob sai naga wai sai mai katin mamba ake sayar wa tikiti, alhali mu nan in Pillars za ta buga a Sani Abacha zuwa kake ka yanki tikitinka a bakin ƙofa. Dan Allah dole ne sai na yi katin? In na yi, tikiti ya tabbata kenan? Mu biyu ne za mu shiga, ni da ƙanin nawa.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya kai ka lafiya ya sanya wa karatun yaro albarka. A taƙaice, eh, in wasan firimiya kake so a Emirates a farashin da kowa ke biya to sai da katin. Amma katin ba tikiti bane, kuma nan ne mutanenmu da yawa ke cin karo. Kamar fom ɗin JAMB yake, ka biya kuɗinka an baka damar nema, amma babu wanda ya ce maka ka samu gurbi.

Bari kaga dalili. Emirates na ɗaukar mutum dubu 60 da ɗoriya, adadin da in ka ji shi sai ka ce ai ba za a rasa kujera biyu ba. To mafi yawan kujerun nan suna da masu su tun kafin a fara sizin, masu tikitin shekara ne da suke sabuntawa duk bazara, wasu tun ana tsohon filin Highbury kafin a dawo nan a 2006. Sai a cire wajen kujera 3,000 na magoya bayan baƙi, a cire na manyan baƙi masu cin abinci a sama, da na kamfanonin talla da iyalan 'yan wasa. Ɗan abin da ya rage shi ake raba wa mambobi, su ma hawa-hawa ne, akwai Silver waɗanda suka yi shekaru suna jira kafin a ɗaga su, sai Red wanda shi ne kowa zai iya saya yau ɗin nan daga wayarsa ko yana Fagge ko yana Damagaram. Kai Red za ka yi. Kuɗinsa bai kai fam 100 ba, amma na sizin ɗaya ne, wato ko a Nuwamba ka saya ko a Maris in sizin ya ƙare shi ma ya ƙare.

Da can ranar da aka buɗe sayarwa kowa rige-rige yake a intanet, mai saurin hannu ya samu. Daga sizin 2023/24 suka koma ƙuri'a, makonni da dama kafin wasa ake buɗe ta, ka shiga ka sa bayanan katin bankinka, in sunanka ya fito a cire kuɗin kai tsaye, in bai fito ba shikenan sai wani wasan, kuma kuɗin mamba ba a mayar maka. Don haka ka tabbata katin bankin da ka sa yana biyan kuɗin waje, kada sunanka ya fito kuɗi su ƙi fita. Sannan maganar ku biyu, kati ɗaya tikiti ɗaya ne, dole shi ma ƙanin naka ya yi nasa ku haɗa asusunku ku shiga ƙuri'ar tare, in ba haka ba ko dai ɗaya ya samu ɗaya ya rasa ko kowa ya zauna a kusurwarsa.

In ƙuri'a ta kayar da kai akwai sauran ƙofa ɗaya, kuma a ganina ita ce ma ainihin amfanin katin ga irinka. Sunanta Ticket Exchange. Mai tikitin shekara in ba zai samu zuwa wani wasa ba sai ya mayar da kujerarsa kulob ya sayar wa wani mamba, to kujerun nan fitowa suke ɗai-ɗai su ɓace cikin daƙiƙa, sai mai haƙurin zama yana ta sabunta shafin, musamman kwana biyu ukun ƙarshe kafin wasa. Ka shiga ƙuri'ar ko ba ka sa rai ba, don waɗanda suka shiga suka faɗi ake fifitawa a nan. Sai dai samun kujera biyu a jere a wannan hanya abu ne mai wuya gaskiya, ku shirya wa zama a rabe.

Wane wasa ma kake nema? Wasannin sun kasu A da B da C. Tottenham, Chelsea, Man U, Liverpool, Man City duk A ne, su suka fi tsada su kuma kowa ke wawa, sabon mamba ya sa ran wannan ya sa ran ruwa a kwando. Ka nemi ƙananan ƙungiyoyi ko zagayen farko na kofin Carabao da tsakiyar mako, nan ne ake samun sauƙi. Kuma tun kafin ka biya ko kwabo ka duba jadawali, domin Nuwamba akwai hutun wasannin ƙasa da ƙasa, sati biyun naka zai iya faɗawa a kansa ko ya zama Arsenal waje za ta buga. Na waje kam ka manta da shi, duk da tun 2016 aka ƙayyade farashinsa a fam 30, ana raba shi ne bisa yawan wasannin da mutum ya taɓa bi, masu bin ƙungiya gari-gari su ke cinye shi. Ranar wasan ma ba tabbatacciya bace sai masu talabijin sun zaɓi nasu, wasan Asabar yakan koma Lahadi ko Litinin da dare, kada ka yanki jirgin dawowa da sassafen Lahadi.

Wani zai ce wannan duk neman kuɗi ne kawai. Akwai wannan, ba musu, mutum dubbai na biyan kati duk shekara ba su taɓa ganin ƙofar filin ba. Amma abin yana da tushe a rigingimun 'yan kallo na shekarun 1980. Luton Town ta taɓa hana baƙi shiga filinta gaba ɗaya a 1986, sai mambobinta kawai. Gwamnatin Thatcher ta yi doka a 1989 da nufin kowane ɗan kallo ya riƙe katin shaida, sai rahoton alƙali Taylor da ya biyo bayan turmutsutsun filin Hillsborough, inda mutum 97 suka rasu, ya ture wannan shiri ya kawo tsarin kowa da kujerarsa. Tun daga nan kulob ke son sanin wa ke zaune a kowace kujera. Kuma kada ka haɗa shi da na Sifaniya, mamba a Barcelona ko Real Madrid mai kulob ne, yana zaɓen shugaba, na Arsenal kuwa ko ƙuri'ar zaɓen mai ban ruwa ba ka da ita.

Yanzu in ba ka son katin fa? Akwai tikitin manyan baƙi da kulob ke sayarwa da abinci a ciki, ba ya buƙatar zama mamba kuma shi ne kaɗai tabbatacce, amma ɗaruruwan fam ne kowane mutum. Akwai ƙungiyoyin magoya baya da kulob ya yi wa rajista a ƙasashe, sukan samu ɗan kaso in an nema da wuri. Akwai kuma wasan matan Arsenal, a Emirates ɗin suke bugawa, tikiti a buɗe ga kowa da arha, kuma kada ka raina, a Fabrairun 2024 mutum 60,160 suka kalli wasansu da Man U. In filin kake son gani ka ji amon waƙa, wannan ya isar.

Abin da zan roƙe ka shi ne ka guji 'yan bumburutu, na bakin fili da na shafukan intanet masu kyan gani da za su ce suna da kowane wasa. Tun dokar 1994 laifi ne a Ingila sayar da tikitin ƙwallo ba da izinin kulob ba, kuma yanzu tikitin a waya yake, kulob na gano an yi cinikinsa sai ya soke, ka je ƙofa ka kara waya ta nuna ja, kuɗi sun tafi ba wanda za ka kama.

In ni ne kai, jadawali zan fara dubawa. In akwai wasan gida na B ko C a cikin kwanakinka kuma ba a rufe ƙuri'arsa ba, ku yi katin ku biyu. In babban wasa ne kaɗai ya faɗo, kuɗin katin asara ne, ko dai ka daure ka biya na manyan baƙi ko ku tafi wasan mata. In kuma an dace, ka saukar da tikitin a wayarka tun a masauki ka cika ta da caji, hoton tikiti da aka ɗauka daga allo ba ya buɗe ƙofa, kuma in ƙanin naka ɗan Chelsea ne ka ce masa ya bar rigarsa a gida, a ɓangaren masu gida fitar da mutum suke.