Madatsar Tafkin Unguwa: Shin “Babban Haɗari” Na Nufin Ta Kusa Ɓallewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Amurka, ina neman sayen gida a wata unguwa mai tafkin shaƙatawa. Madatsar da ƙasa aka gina ta, mallakar ƙungiyar masu gidajen ce, kuma hukuma ta sa ta a rukunin “babban haɗari”. Ta kusa ɓallewa ke nan?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ba lallai ba ne. Wannan rukunin ba lafiyar madatsa yake aunawa ba, abin da ke gangare da ita yake dubawa. Muddin ɓallewarta za ta iya cin rai, babban haɗari ce ko da jiya aka gama gina ta. Lafiyarta kuwa tana cikin rahoton binciken injiniyoyin jiha, shi za ka nema ka karanta, tare da tsarin gaggawa da taswirar wuraren da ruwa zai mamaye. In ƙungiyar ta fara kame-kame, ka ja da baya.

Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke kashe madatsar ƙasa shi ne ruwa ya haura ta kanta, don haka fara da magudanar rarar ruwa. A 1889 madatsar South Fork a Pennsylvania ta ɓalle ta halaka mutum 2,209. Tafkin kulob ɗin attajirai ne, waɗanda suka rage tsayin madatsar don keken doki ya samu hanya, suka kuma kafa raga a bakin magudanar don kada kifi ya tsere. Da aka tafka ruwan sama, tarkace ya toshe ragar. Ita ma madatsar Edenville a Michigan ta kamfani ce mai zaman kansa. A 2018 hukumar tarayya ta soke lasisinta saboda magudanarta ta yi kaɗan, a Mayun 2020 ta ɓalle, aka kwashe mutum wajen 10,000.

Sai yoyo. Kusan kowace madatsar ƙasa tana ɗan tsattsafo, wannan ba abin tashin hankali ba ne. Ka zagaya bayanta, ka tari ruwan a farar kwalba. In garau yake, a riƙa auna shi da bokiti da agogo kowane wata ana rubutawa. In ya yi launin laka, ko yana ƙaruwa alhali tafkin bai ƙaru ba, to ƙasar cikin madatsar ce ruwa ke kwashewa, kuma a ranar ake kiran hukuma. Haka in ka ga ƙasa ta lotsa a samanta, ko tsaga ta ratsa ta, ko ruwa yana juyi kusa da bango.

Bishiya a jikin madatsa tana ba wuri kyau, amma saiwarta in ta ruɓe hanyar ruwa ce, kamar dai ramukan dabbobi. Gajeriyar ciyawa kaɗai ake so. Babbar bishiya kuma ba a tuge ta sai da injiniya. Tambayi yaushe rabon da a buɗe bawul ɗin rage ruwa. Wanda ya shekara goma ba a taɓa ba, da wuya ya buɗu ranar buƙata.

Ka kuma sani, da zarar ka sayi gidan, kuɗin gyara na iya hawa kanka ta hanyar ƙungiyar, don haka duba asusun ajiyarta. Inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya, sai ka yanki ta ambaliya daban.