Amsa ga Hajiya kan zuwa Durham: ku fara da bakin kogi

Assalamu alaikum, jama'ar gida. Hajiya, na saurari saƙonki tun da safe, aiki ne ya hana ni amsawa sai yanzu. Kin ce kina so ki fita da Inna da yara daga Newcastle ranar Asabar, an ba ki shawarar Durham da ke arewacin Ingila, kuma kina tambaya ko garin ya kai a ba shi yini guda, da kuma ko tsohuwa za ta iya da tafiyar. Na zauna a garin lokacin da nake karatu, saboda haka zan faɗa miki abin da na sani, kuma zan ɗan tsawaita, sai sauran jama'a su yi mini haƙuri.

Garin ya kai, kuma ba shi da nisa, domin jirgin ƙasa daga Newcastle kamar minti 15 yake ɗauka. Mutanen wurin "Daram" suke furta sunan, kogin kuma da ake rubuta Wear "Wiya" suke ce masa, kada ki sha wahalar da na sha wajen tambayar hanya a makona na farko. Ban ba ki shawarar shiga tsohon gari da mota ba, domin titunan ƙanana ne, kuma tun shekarar 2002 ake cajin motar da ta shiga tudun da majami'a take. Idan dole ne ki zo da mota, akwai wuraren ajiye ta a bakin gari, daga nan bas ta shigo da ku.

Kuskuren da yawancin baƙi suke yi shi ne, da sun sauka daga jirgi sai su miƙe kai tsaye zuwa babbar majami'a, su ɗauki hoto, su sha shayi, su juya, alhali ba su ga abin da ya sa aka kafa garin a wurin ba. Kogin Wear yana zuwa ne ya yi wata irin lanƙwasa kamar ƙugiya, ya zagaye wani tudu mai tsayi ta ɓangare uku, ya bar siririyar hanya guda ta arewa. A kan wannan tudun majami'ar take, kuma a daidai bakin siririyar hanyar aka gina gidan sarauta mai ganuwa don ya tsare ta. Duk wanda ya zaga ta ƙasa ya ɗaga kai ya ga gangaren da itatuwan da suka rufe shi, ba ya buƙatar a yi masa bayanin dalilin da ya sa mutanen da ke gudun mahara suka zaɓi nan.

Masu gudun kuwa sufayen Kirista ne daga tsibirin Lindisfarne, waɗanda suka ɗauko gawar waliyyinsu Cuthbert, wanda ya rasu a 687, suka bar tsibirin a 875 saboda hare-haren mutanen Viking, maharan teku daga arewacin Turai. Sun daɗe a Chester-le-Street, garin da jirginku zai bi ta cikinsa, kafin su iso wannan tudu a 995. Akwai tatsuniyar da ake bayarwa cewa wata mai tatsar nono da ke neman saniyarta da ta ɓace ce ta nuna musu hanya, shi ya sa za ku ga siffar saniya sassaƙe a jikin bangon majami'ar ta waje. Ku sa yara su nemo ta, zai ɗauke musu hankali na ɗan lokaci.

Ga yadda nake bi da baƙina. Daga tasha a gangaro zuwa gadar Framwellgate, wadda asalinta tun ƙarni na 12 ne, amma kada a tsallaka ta. A sauka ta matakalar da ke gefenta, a kama hanyar ƙafa da ke bin gaɓar yamma, a nufi kudu. Bayan 'yar tafiya za ku iso inda aka yi wa kogin madatsa, ruwa yana zubowa a kanta, kuma a ɗaya gaɓar akwai wani tsohon gini a bakin ruwa, hasumiyoyin majami'a suna samansa. Wannan shi ne hoton Durham da ake bugawa a kati da kalanda. Ginin nan a da wurin bugun ulu ne, ruwa ne yake juya injin da ke dukan saƙar don ta yi kauri, wato aikin masu bugu amma kogi ne ke ɗaga tabarya. Daga nan sai gadar Prebends, wadda aka gama a 1778 bayan ambaliyar 1771 ta cinye wadda ke wurin kafin ita. A ganina babu inda ya kai kan wannan gada daɗin tsayawa a duk garin, domin motoci ba sa damun mutum, kuma kogin yana kwance ta hagu da dama, itatuwa sun sunkuyo a kansa.

Idan kun tsallaka gadar, hanya ta rabu biyu. Mai ƙarfi zai iya ci gaba da bin gaɓa ya zagaye ƙarshen tudun, ya wuce ƙarƙashin gadar Kingsgate, doguwar gadar siminti ta masu ƙafa da injiniya Ove Arup ya zana aka gama a 1963, har ya fito gadar Elvet da aka soma ginawa wajen 1160. Da yara, zagayen gaba ɗaya yakan ci kusan awa guda. Kusa da gadar Elvet ne ake ba da hayar ƙananan kwale-kwale a lokacin bazarar Turawa, mutum ya tuƙa da kansa, kuma kusan kowane lokaci za ku ga ɗaliban jami'a suna atisayen tsere a dogayen jiragensu, domin gasar tseren jirage ta garin tun 1834 ake yin ta, a watan Yuni. Roƙona ɗaya shi ne ki riƙe hannun ƙananan, domin a wurare da dama babu shinge tsakanin hanya da ruwa, ƙasa tana santsi bayan ruwan sama, kuma kogin ya taɓa cin ɗalibai da dare. Kafin duhu ku bar bakin ruwa.

Ɗaya hanyar tana hawa ta wata tsohuwar ƙofa zuwa titin South Bailey, wanda aka shimfiɗa da duwatsu, ta kai ku majami'a ta baya. An soma gininta a 1093, kuma cikin shekara 40 aka gama mafi yawansa, abin da har yanzu yake ba ni mamaki idan na dubi kaurin ginshiƙan da zanen da aka sassaƙa a jikinsu. Ki ɗaga kai ki dubi rufin: dutse ne zalla, an ɗora shi a kan bakuna masu gicciye juna, irin abin da maginanmu ke kira bakan gizo, kuma masana gini suna lissafa shi cikin na farko-farko a Turai da aka rufe fili mai faɗi haka ta wannan dabara. Kabarin Cuthbert yana can gabas. A yamma kuma akwai na Bede, malamin da ya rasu a 735, wanda rubuce-rubucensa suka taimaka wajen yaɗa lissafin shekaru na Miladiyya da muke amfani da shi yau.

Abubuwa biyu ne suka fi tsaya mini a rai a wurin. Na farko, a ƙofar arewa akwai ƙarfen ƙwanƙwasawa mai fuskar dodo. A da, wanda ya aikata babban laifi, ko da kisa ne, idan ya iso ya kama shi, ana ba shi mafaka ta kwana 37, bayan haka ko ya fuskanci shari'a ko ya bar ƙasar. Wanda ke jikin ƙofar yanzu kwafi ne, na asalin yana ɗakin kayan tarihi na ciki. Na biyu, bayan yaƙin Dunbar na 1650, Oliver Cromwell, jagoran sojojin Ingila, ya tsare fursunoni 'yan Scotland kimanin 3,000 a cikin wannan gini, kuma kimanin 1,700 suka mutu saboda yunwa da sanyi da cuta. A 2013 ma'aikata suka tono ƙasusuwan wasunsu kusa da ɗakin karatu da ke filin gaban majami'ar.

Shiga ba a tilasta kuɗi, sai dai suna roƙon gudummawa, amma hawa hasumiya ana biya, kuma matakala 325 ce a cikin lungu mai juyawa, don haka Inna ta zauna a ƙasa. Wurin ibadarsu ne har gobe, saboda haka a rage murya, kuma idan ana cikin addu'a a dakata. Ba a cire takalmi, mayafinku ba matsala ba ne, maza ne dai al'adarsu ta ce su cire hula. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da shiga ba, ya zauna a filin ciyawa na waje, bai yi asarar zuwa ba. Yara kuma za su so farfajiyar tsakiya, inda aka ɗauki wasu sassa na finafinan Harry Potter na farko.

Gidan sarautar da ke fuskantar majami'a an soma shi a 1072, zamanin William wanda ya ci Ingila da yaƙi, kuma bishop-bishop na Durham, wato manyan limaman coci, su ne suka zauna a ciki, masu ikon tara sojoji da karɓar haraji da buga kuɗinsu, saboda su ne garkuwar iyaka da Scotland. Yanzu ɗaliban jami'ar da aka kafa a 1832 ne ke kwana a ciki, kuma ba a shiga sai da ɗan rakiya, don haka idan lokaci ya ƙure ku bar shi. Gidan sarautar da majami'ar ne UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1986. 

Game da Inna, gaskiya garin tudu da gangare ne, kuma duwatsun titi suna wahalar da gwiwa. Akwai ƙaramar bas da ke ɗaukar mutane daga tasha zuwa filin gaban majami'a, ki duba jadawalinta kafin ku taso. Abin da zan ba da shawara shi ne ku rabu: wani babba ya hau bas da ita, ke ki bi kogi da yara, ku haɗu a sama. Daga baya ku gangaro tare a hankali zuwa dandalin kasuwa, inda akwai kasuwa mai rufi, daga nan gadar Framwellgate 'yan taku ne, ta tsaya a kanta ta ga kogin da hasumiyoyin ba tare da ta sauka matakala ba.

Ku tafi da guzurinku da dadduma da rigar ruwa. Idan za ku sayi kifi da dankali, ki tambayi irin man da suke suya da shi, domin a arewacin Ingila wasu da kitsen shanu suke yi. Kuma ki tabbata ranar ba Asabar ta biyu a cikin watan Yuli ba ce, domin ranar ce ake taron masu haƙar kwal da aka soma tun 1871, gari yakan cika maƙil da tutoci da masu busa, ba wurin da tsohuwa za ta sa ƙafa. Ki gaishe mini da Inna, idan kun tsai da lokacin jirgin ki sanar da ni.